Kuɗi na kawo farin ciki ko Mma ce ke da gaskiya? Amsa ga ƙanena na Magazin

Wa alaikumus salam ƙanena. Na karanta saƙonka sau biyu kafin na zauna rubutu, don tambayar ba ta wasa ba ce. Ga waɗanda ba su gani ba, wani matashi ne ɗan Aboabo nan Kumasi, fita ne, wato makaniki, a Suame Magazin, unguwar masu gyaran mota, shekara uku kenan da maigidansa ya yaye shi ya buɗe nashi wurin. Yace abin da yake samu yanzu ya ninka na da kusan sau huɗu, ya sayi babur, ya sayi waya mai tsada, ya canza ɗaki, amma zuciyarsa ba ta kwanta ba, wani lokacin ma sai yaga kamar zamanin da yake yaron shago ya fi barci mai daɗi. Mma, mahaifiyarsa, kullum tana ce masa kuɗi ba ya kawo farin ciki, shi kuma bai manta ranar da mai gida ya fitar musu da kaya waje yana ɗan shekara 12 ba saboda kuɗin haya. Yanzu ga aure na tafe, abokinsa borga, wato wanda ya je nema ƙasar waje, ya dawo daga Turai da mota, shi ma yana tunanin cin bashi ya sayi tashi kafin awure. Tambayar: wai kuɗin ne bai isa ba, ko kuwa dama kuɗi ba ya maganin wannan ciwon?

Toh ni dai tattalin arziki na karanta a jami'ar KNUST nan Kumasi, sannan na yi shekara 18 a wata ƙungiyar ajiya da rance ta 'yan kasuwa, aikina kullum shi ne zama da masu sayar da albasa da tumatir da atamfa da kayan mota ina duba musu littafi, daga Kejetia har Alabar har Asawase. Na ga aljihun mutane da yawa daga ciki, ba yadda suke nuna shi ranar Juma'a ba. Abin da zan gaya maka daga nan yake fitowa, sai kuma abin da masu bincike suka gano wanda ya dace da abin da idona ya gani.

Na farko kar kowa ya ruɗe ka cewa kuɗi ba komai ba ne. Wallahi komai ne ga wanda ba shi da shi. Wanda bai taɓa tsayawa gaban mai gida yana roƙon a ƙara masa wata ɗaya ba, shi ne ke saurin faɗin wannan maganar. Kai ka san dokar haya ta ƙasar nan tun 1963 ta ce kar a karɓi advans fiye da na wata shida, amma wa ke bi? Shekara biyu ake nema cif, ɗaki ciki da falo in ana ba da shi sidi 400 a wata ka nemo 9,600 a dunƙule ko ka kwashe kayanka. Akwai wata baiwar Allah mai sayar da koko da ƙosai da na riƙe wa katin susu, wato ajiyar zubin kullum, shekaru, ba zan manta ba, duk lokacin da advans ɗinta ya kusa ƙarewa sai kaga matar ta canza gaba ɗaya, ta ba da canji ba daidai ba, ta manta wa ya biya wa bai biya ba, ƙosai ya ƙone a gabanta tana kallo, ta daka wa 'yarta tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Ranar da ta haɗa kuɗin ta kai wa mai gidan ta karɓi rasit, washegari na zo karɓar susu na tarar da ita tana raha da kwastomomi har ta ƙara mini ƙosai biyu. Matar nan ba wani wa'azi ta ji a daren ba, rasit ta karɓa.

Wannan abin an gwada shi a ilmance. A 2013 wasu masana, cikinsu da Sendhil Mullainathan da Eldar Shafir, suka fitar da binciken da suka yi kan manoman rake sama da 400 a jihar Tamil Nadu ta Indiya. Manomin rake sau ɗaya yake ganin kuɗi a shekara, kafin girbi yana cikin bashi da jingina, bayan girbi aljihu ya cika. Sai aka yi musu gwajin kaifin tunani kafin girbi da bayansa, mutum ɗaya ne, ƙwaƙwalwa ɗaya, amma bayan girbi sun fi ci sosai. Wato rashi yana cinye wani sashe na hankalin mutum, kamar waya ce da aka buɗe abubuwa da yawa a ciki ta dinga ja. A yammacin Kenya kuma ƙungiyar GiveDirectly ta tura wa talakawan ƙauye kuɗi ta waya ba tare da sharaɗi ba, da aka fitar da sakamako a 2016 sai aka ga damuwa ta ragu, jin daɗin rayuwa ya ƙaru, da yawa sun cire jinka sun sa kwano, sun sayi dabbobi, kuma ba a ga ƙarin shan giya ko taba ba kamar yadda wasu suka yi tsoro. Saboda haka abin da ka ji ranar da aka fitar muku da kaya gaskiya ne, kuma kuɗi ne maganinsa, ba haƙuri kaɗai ba.

Ka taɓa jin ana cewa wai in mutum ya kai wani adadi shikenan ƙarin kuɗi ba ya ƙara masa komai? Asalin maganar daga 2010 ne, Daniel Kahneman da Angus Deaton, dukansu sun ci kyautar Nobel, suka duba amsoshi sama da 450,000 na mutanen Amurka suka ce jin daɗin yau da kullum yana hawa da kuɗi har zuwa wajen dala 75,000 a shekara daga nan sai ya tsaya. Mutane suka yi ta yawo da wannan lambar. A 2021 wani mai suna Matthew Killingsworth ya zo da nashi binciken yace shi bai ga inda ya tsaya ba. Abin da ya burge ni shi ne maimakon su tsaya gardama sai shi da Kahneman suka haɗu suka sake duba alƙaluman tare, suka fitar da matsaya a 2023: ga yawancin mutane farin ciki na ci gaba da hawa da ƙarin kuɗi, amma akwai wani kaso, wajen mutum ɗaya cikin biyar, waɗanda dama su ne mafi ƙunci, su kam in sun kai wani mataki ƙarin kuɗi ba ya ƙara musu, saboda abin da ke damunsu ba na kuɗi ba ne, rasuwa ce ko ciwon zuciya ko gida da ya ƙi zama lafiya.

Amma ga inda nake so ka buɗe ido. Hawan ba sidi bayan sidi yake yi ba, ninki yake bi. Wanda ke samun 1,000 a wata in ya koma 2,000, daɗin da zai ji, shi mai samun 10,000 sai ya koma 20,000 kafin ya ji kwatankwacinsa. Sidi 500 a hannun kayaye, 'yar dakon kaya a kasuwa, wata duniya ce, a hannun mai shagon sifiya fas kuɗin mai ne na kwana biyu. Kai yanzu ka haye matakin da ɗan ƙari ke girgiza ka, shi ya sa kake ganin kana samu amma ba ka jin komai, kana jiran irin daɗin da ka ji ranar da ka fara riƙe sidi 100 naka na kanka, kuma wannan ba zai dawo da sauƙi ba.

Sai maganar kaya. Ina so ka tuna ranar da ka sayi wayar nan. Na tabbata ka kwana kana juya ta, ka sa mata kwaba, ba ka yarda yaran shago su taɓa da hannun baƙin mai ba. Yau fa? Yau waya ce kawai, ka jefa ta kan benci kusa da sifana, kuma tuni idonka na kan sabuwar da ta fito. Ba laifinka ba ne, haka Allah ya halicci zuciya, tana sabawa da komai. Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya faɗa cewa da ɗan Adam na da kwari biyu na dukiya da sai ya nemi na uku. Tun 1978 aka yi wani ɗan bincike a jihar Illinois kan mutum 22 da suka ci caca mai yawa, aka ga ba su fi maƙwabtansu farin ciki da wani abin kirki ba, har ma ƙananan abubuwa irin su karin kumallo da hira sun rage musu armashi. Daga baya an yi wanda ya fi shi girma nesa ba kusa ba a ƙasar Suwidin, mutum dubbai, aka bi su shekaru, aka ga gamsuwarsu da rayuwa ta ƙaru kuma ta daɗe, sai dai yawancinta daga kwanciyar hankali kan harkar kuɗi ta fito, shi kuwa nishaɗin yau da gobe bai motsa sosai ba. Ba ina tallar caca ba ne, haramun ce kuma na ga yadda betin ya cinye samari a Zongo, na kawo ne don ka ga bambancin. Abin da kuɗi ya cire maka na tsoro, wannan yana zama. Abin da ya ƙara maka na ƙyalli, wata uku ya yi yawa.

Ni a aikina haka nake raba kowane sidi da mutum zai kashe, ina tambaya wane tsoro zai cire, ko kuwa idon wa aka saya wa. Rufin da ba ya yoyo ba a sabawa da shi har a raina shi, duk daren da ruwa ya sauko a watan Yuni kana jin daɗinsa sabo. Katifa mai kyau ga wanda ke wuni ƙarƙashin mota, firij ga mai iyali, famfo a cikin gida maimakon layin ruwa da asuba, duk waɗannan kaya ne amma suna cire wahalar da ke dawowa kullum. Shi kuwa takalmi na biyar ba ya cire komai.

Yanzu mu zo kan borga, don a ganina nan ne ƙurjin yake. Ka lura a saƙonka ba ka ce kana buƙatar mota ba, cewa ka yi tun da ya dawo ka kasa sakewa a bes, majalisarku ta hira, ana shan ataya ana zagaye motarsa kai kuma ka faka babur a gefe. Kafin ya dawo babur ɗin nan abin alfaharinka ne. Babu abin da ya canza a jikin babur. A 1998 an tambayi mutane a jami'ar Harvard, wanne kuka fi so, ku samu dala 50,000 sauran mutane na samun 25,000, ko ku samu 100,000 sauran na samun 200,000, farashin kaya ɗaya ne. Wajen rabinsu suka zaɓi na farkon. Sun yarda su yi asarar rabin arziki don dai su kasance a sama. To mu a Zongo abin ya fi tsanani, gida ɗaya ɗaki goma sha, kowa ya san abin da aka dafa a ƙofar kowa, kowa ya ga wanda aka kawo wa sabuwar talabijin. Da can da 'yan layinku kawai kake auna kanka, yanzu ga TikTok da Facebook sun kawo maka Dubai da Jamus cikin aljihu, kana kwance a Aboabo kana gasa da mutumin da ba ka san ko motar da ya jingina da ita tashi ba ce.

Kuma bari in gaya maka abin da na sani game da borgogi, ba don in rage wa abokinka daraja ba, Allah ya ƙara masa. Da yawa sun zauna a gabana. Wata ɗaya da suke yi a gida suna rabon kuɗi, tarin wata ashirin ne na tashi ƙarfe huɗu cikin sanyi, mutum huɗu a ɗaki, wani ba takarda, mahaifinsa ya rasu bai samu zuwa jana'iza ba, 'ya'yansa sun san shi ne ta bidiyo kol. Wani ma motar kafin ya koma ya sa ta kasuwa a ɓoye. Kai kana ganin watan biki ne kawai, kallon kitse kake wa rogo. Shi ya sa hadisin nan na Muslim yake da nauyi, ku dubi wanda ke ƙasa da ku kar ku dubi na sama da ku, don kar ku raina ni'imar Allah a kanku. Ba cewa aka yi ka daina nema ba. Ma'auni aka gyara maka. Yaran da ke shagonka suna wanke maka injin da fetur, da yawansu kai ne borgansu.

Wani abu kuma da ba ka sa a lissafi ba, ninki huɗun nan da kake faɗa ba huɗu ba ne a kasuwa. A watan Disamba 2022 hauhawar farashi a Ghana ta kai kashi 54.1 cikin ɗari, dala ta tashi daga wajen sidi 6 a farkon shekarar ta haura 13 kafin ƙarshenta. Mu da muka ga 2007 lokacin da aka yanke sifili huɗu, sidi ɗaya na kafaɗa da dala ɗaya, mun san abin da nake nufi. Lamba ta ƙaru a momo ɗinka, asusun kuɗinka na waya, amma buhun shinkafa da gas da advans su ma sun gudu. Sannan lokacin da kake yaron shago cikinka kaɗai ka sani, maigida ne ke tunanin hayar fili da kuɗin wuta da kwastoman da ya ƙi biya. Yanzu duk kai ne. Ga Mma, ga ƙanne, ga wanda zai bugo daga ƙauye. Barcin da kake kewa na rashin nauyi ne, ba talaucin ne ya ba ka shi ba.

Toh maganar bashin mota. Hukuncin riba malamanka sun fi ni sani kuma ka san abin da za su ce, ni lissafi kawai zan maka. A ce motar 90,000 ce, kana da 30,000, ka ranto 60,000. Irin wuraren da za su ba fita rance ba tare da takardar albashi ba, na sha ganin kashi 4 cikin ɗari a wata, kuma a kan uwar kuɗin gaba ɗaya suke lissafawa har ka gama. Ruwa kaɗai 2,400 a wata, uwar kuɗi in an raba wata 24 ta kama 2,500, kenan 4,900 duk wata ko an yi ciniki ko ba a yi ba, ko ka kwanta zazzaɓi ko ba ka kwanta ba. Ƙarshenta ka biya 117,600 a kan 60,000. Ba a sa mai ba, ba inshora, ba rodiwodi, takardar lafiyar mota. Gyara dai ka huta tunda aikinka ne. Daɗin motar zai kai ka wata biyu ko uku, bashin zai raka ka shekara biyu, kuma shekara biyun farko na aurenka ne, lokacin da amarya ke koyon halinka. Halin da za ta koya na mutumin da ke firgita in baƙuwar lamba ta kira shi ne.

Ana cewa bashi hanji ne yana cikin kowa, gaskiya ne, amma na ga abin da yake wa mutanen kirki. Wani dattijo mai shagon atamfa, mutum mai kamala, na taɓa zuwa shagonsa kan biyan da ya wuce lokaci, yaronsa yace ya tafi Tamale, ina tsaye ina kallon takalminsa a bakin labulen baya. Ban ce komai ba na juya, kuma ranar ni na fi shi jin kunya. Annabi ya kasance yana yawan neman tsari daga bashi, da aka tambaye shi dalili sai yace mutum in bashi ya kama shi zai yi magana ya yi ƙarya, ya yi alkawari ya saɓa. Wallahi na ga wannan hadisin da idona ba sau ɗaya ba. Da a ce pragya, keke mai ƙafa uku, ko tasi za ka saya ta dinga kawo kuɗi kullum da sai mu zauna mu buga lissafi daban, amma motar da aikinta ta kai ka bes ta dawo, ƙanena kar ka yi.

30,000 ɗin nan in nawa ne ga abin da zan yi. Zan fara ware advans na gaba in ajiye inda hannuna ba ya kaiwa da sauƙi, don yaron nan ɗan shekara 12 da ke tsaye kan kayansu a waje har yanzu yana cikinka, kuma shi ne ba ya barinka barci, mota ba za ta lallashe shi ba, sanin cewa ba mai iya korarka nan da shekara uku shi zai lallashe shi. In Allah ya buɗa gaba, ko rabin fuloti ne a bayan gari ya fi maka mota, amma ka bi takardu a hankali, rigimar fili a ƙasar nan ba wasa ba ce. Sai katin inshorar lafiya naka da na Mma da na amarya, tun 2003 aka kafa tsarin kuma yanzu ta waya ake sabuntawa da *929#, ba ya ɗaukar komai da komai amma ya raba mutane da yawa da sayar da jari saboda kwanciya asibiti. Sai kayan aiki, yanzu motoci duk kwamfuta ne, fitan da ke da na'urar duba lahani kuma ya iya karanta ta ba ya zama. Sauran ka tara har ya kai cefanen wata uku. Mutumin da ke da cefanen wata uku a ajiye yana iya ce wa kwastoma mai wulaƙanci ɗauki motarka, kuma wannan 'yancin ni ban san wani kaya da ya kai shi daɗi ba.

Sai dai ka kula da inda za ka ajiye. Duk mun ga abin da ya faru da Menzgold, kamfanin zinaren da kuɗin jama'a suka maƙale a ciki, a 2018, kuma a 2019 Babban Bankin Ghana ya soke lasisin kamfanonin maikrofainans 347 a rana ɗaya. Duk wanda yace zai ba ka kashi goma a wata kana zaune, gudu. Susu na gargajiya ma, wanda kake zubi kullum mai karɓa ya ɗauki na kwana ɗaya ladansa, ba riba yake ba ka ba, amfaninsa kawai ya raba ka da kuɗin kafin ka kashe, kuma sai da wanda aka sani aka san gidansu.

Awure kuma, nan ma a yi hankali. Yayi, wato ankon biki, kala uku, lefe akwati kan akwati, kanofi, masu kiɗa, masu bidiyo, duk na kwana biyu ne, kuma rabin waɗanda ake yi dominsu sati mai zuwa suna wani bikin suna kwatantawa. Na san ba kai kaɗai ke yanke wannan ba, iyaye mata na da ta cewa, amma ka zauna da yarinyar ku yi magana tun yanzu. Yadda za ta ɗauki wannan hirar zai nuna maka abu da yawa.

Akwai wata hanyar kashe kuɗi da ke dawo da daɗi fiye da yadda mutane ke zato. A 2008 a Kanada, Elizabeth Dunn da abokan aikinta suka ba mutane ambulan da dala 5 ko 20, wasu aka ce su kashe wa kansu wasu aka ce su kashe wa wani, da yamma waɗanda suka kashe wa wani sun fi jin daɗi, kuma yawan kuɗin bai canza komai ba. An sake gwada makamancinsa har a Uganda aka ga haka. Mu wannan ba baƙo ba ne a wurinmu, ka tuna ranar da ka fara kai wa Mma buhun shinkafa da kuɗin guminka, ka gaya mini tsakaninsa da ranar waya wanne ne har yau in ka tuna kake jin sanyi. Amma zan faɗi gaskiya, kyautar da ka yi da ranka daban take da wadda aka matse ka. A Zongo da zarar an ga ka fara tsayawa sai buƙatu su yi maka rubdugu, in ba ka sa iyaka ba za ka wayi gari kana jin haushin 'yan uwanka, kuma wannan ya fi talauci muni. Ka yanke adadi duk wata, wannan na gida da zumunci ne, in ya ƙare ya ƙare sai wata mai kamawa, ka faɗa da ladabi. Zakka in ta kai nisabi ta shekara, kashi biyu da rabi cikin ɗari, wannan ba naka ba ne dama.

Ita kuwa Mma, kar ka ɗauka ba ta san zafin rashi ba, ita fa ta ɗaure kayan nan a zani ranar da aka kore ku. In mace irin wannan ta ce kuɗi ba ya kawo farin ciki, ba tana nufin ka zauna ba ne, tana ganin ɗanta ne yana ramewa alhali yana samu. Ta ga abin da ni ma na gani. Akwai wani Alhaji da na yi wa lissafi shekaru, manyan motoci na zuwa arewa suna dawowa, gida bene, ya je Makka ba adadi. Wata rana bayan mun rufe littafi ya riƙe ni da hira har magariba, can sai yace mini duk wanda ya yi masa sallama yana jira ne ya ji nawa za a tambaya, har 'ya'yansa. Likita ya hana shi gishiri da suga da nama, abincinsa a ɗan kwano kamar na yaro, 'ya'yan ɗakin nan ba sa magana da na ɗakin can saboda gadon da ba a ma mutu ba tukuna. Kuɗinsa sun saya masa likita mai kyau, wannan gaskiya ne kuma ba ƙaramin abu ba ne, amma ba su samo masa mutum ɗaya da zai zauna da shi don Allah ba. Binciken da jami'ar Harvard ta fara tun 1938 tana bin rayuwar mutum 724 har tsufansu, abin da ya fi fitowa fili shi ne kyawun alaƙar mutum da na kusa da shi ya fi nuna yadda zai tsufa cikin lafiya da jin daɗi, fiye da dukiya ko suna.

Hadisin Tirmizi ya lissafa abu uku: wanda ya wayi gari cikin aminci a gidansa, da lafiya a jikinsa, yana da abincin yininsa, kamar an tattara masa duniya ne. Ka duba da kyau, biyu daga ciki ko ma duka ukun suna buƙatar kuɗi a Kumasin yau, amincin ɗaki advans ne, lafiya kati ne da magani, abinci cefane ne. Don haka ku biyun ba saɓani kuke ba, kai kana maganar kuɗin da ke sayen waɗannan ukun, ita tana maganar wanda ake nema bayansu don idon mutane.

Abu ɗaya zan roƙe ka kafin ka sa hannu a kowace takarda. Sayi ɗan littafi na sidi biyar, wata ɗaya cur ka rubuta duk abin da ya shigo da duk abin da ya fita, har waken safe da data da kuɗin ataya. A gefen kowane kashe ka sa alama, wannan tsoro ya cire, wannan aiki ya ƙara, wannan don wani na yi da raina, wannan kuma don a gani ne. Kar ka nuna wa kowa don kar ka yi wa littafin kwalliya. In kuma bayan an gyara lissafi ka ga har yanzu barci ba ya zuwa, abinci ba ya shiga, ba ka son ganin mutane, to wannan ka je asibiti ka faɗa wa likita, ciwo ne kamar kowane kuma ana maganinsa. In watan ya cika ka sake rubuto mini da abin da ka gani a littafin, mu duba tare mu ga nawa za ka iya warewa na advans kafin ranar awure. Ka gaida Mma, Allah ya sa albarka a neman.